Yadda zaka dinga bibiyar kasuwar sarin wutar lantarki daga nan Gombe, ka hango tsada kafin ta iso ka

Ni dai ba injiniya bane, lissafi nake riƙe wa kawuna a injin casar shinkafarsa da ke nan Nasarawo, kuma abinda ya sa na fara bin labarin wuta kamar masu bin ƙwallo wata asara ce da muka tafka a Afrilun 2024. Mun karɓi aikin casa mai yawa, muka yanke kuɗin buhu da lissafin da nepa zamu yi, ba'a fi 'yan kwanaki ba ɓarayi suka kada turakun babban layin nan mai 330kV da ya taso daga Jos zuwa Gombe, gari yayi ɗif makonni, muka ƙarasa aikin da dizal, riba da uwa duk janareto ya lashe. Ranar da na kai wa Kawu lissafin ya daɗe yana kallon takardar sannan yace "kai da kayi boko, ashe babu yadda za'a san abin nan tun kafin ya zo?" Nace Kawu faɗuwar turke kam sai Allah, amma sauran hawa da saukar da wuta take yi a shekara akwai alamunta, mu ne bama dubawa. Yace toh ka fara dubawa. Abinda na koya daga lokacin shi zan zube anan, musamman don masu injin niƙa, masu ƙanƙara, masu walda, masu matsar man gyaɗa da duk wanda wuta ce jarinsa na biyu.

Kafin komai sai ka gane ita kanta kasuwar, kuma hanya mafi sauƙi ka ɗauko kasuwar Tudun Hatsi a ranka. Akwai manomi, akwai dillali, akwai mai tirela, akwai ɗan kiri da yake auna maka mudu. A harkar wuta manoman sune tashoshin da ke samar da ita, irinsu Egbin a Legas mai megawat 1,320, Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru masu aiki da ruwa, har da tamu ta Dadin Kowa mai megawat 40. Mai tirelar shine TCN, kamfanin gwamnati da ke da manyan layukan da ke dakon wuta. Dillalin da ya daɗe a tsakiya shine NBET, yana saye daga tashoshi ya sayar wa kamfanonin rarrabawa. 'Yan kirin kuma sune kamfanonin rarrabawa guda 11 da aka fara miƙa wa 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, namu shine na Jos wanda ya haɗa Filato, Binuwai, Bauchi da Gombe. Sarkin kasuwa mai yanke farashi shine NERC, hukumar gwamnati mai kula da harkar wuta. Inda misalin ya rabu da hatsi waje ɗaya ne amma babba ne: masara zaka iya zuba ta a sito ka jira tsada, ita wuta a wannan sikelin ba'a ajiye ta, daƙiƙar da aka samar da ita a nan ake shanye ta, shi yasa kasuwarta take da saurin fushi.

A ƙasashen da kasuwar ta nuna, farashin sari yana canzawa ne kamar na canji, a Ostireliya duk minti biyar ake fitar da sabo, a Ingila lissafin rabin awa ake yi. Tsarin shine kowace tasha zata faɗi nawa zata sayar, a fara ɗauka daga mai arha zuwa mai tsada har a cike buƙatar wannan lokacin, tasha ta ƙarshe da aka taɓo ita ce take yanke farashin kowa. Shi yasa da tsakar rana a Jamus idan sola ta yi ambaliya farashi yakan faɗi ƙasa da sifili, wato a biya ka ka sha wuta, sannan a Texas ta Amurka lokacin sanyin Fabrairun 2021 megawat ɗaya na awa ɗaya ya kai dala 9,000. Su can mai bibiyar kasuwa allon farashi yake kallo shikenan.

Mu namu ba haka yake ba, kuma nan ne mutane da yawa suke ɓata, su je suna neman allon farashin awa-awa na Najeriya. Babu shi. Namu kwantiragi ne da kuma farashin da hukuma ta rubuta, yana iya yin watanni bai motsa ba. Toh idan buƙata ta fi wadata kuma an hana farashi hawa, me zai faru? Sai a rage mudu. Wato a kasuwarmu tsada ba'a naira take fara zuwa ba, a awanni take zuwa, jiya ka samu awa 14 yau ka samu 6, ragowar ka cike da dizal, kaga an ƙara maka farashi ba tare da kowa ya sanar ba. Duk bibiyar da zan faɗa akan wannan ta ginu.

Ka samu littafi mai layi irin na ɗari biyar ɗin nan, ko Excel a waya idan kana da haƙurinsa, ni da littafin na fara don waya mutuwa take yi daidai lokacin da ake buƙatarta, ai kasan dalili. Lamba ta farko da zaka dinga rubutawa kullum ita ce jimlar wutar da ƙasa ta samar jiya, mafi sama da mafi ƙasa. Masu kula da babban layin ƙasa, waɗanda cibiyarsu take Osogbo kuma yanzu aka ware su daga TCN da sunan NISO, suna fitar da wannan a intanet, har da abinda kowace tasha ta bayar awa bayan awa, jaridu ma suna ɗaukowa. Don ka san ma'aunin da zaka ɗora lambar akai: abinda aka girka a ƙasar ya kai wajen megawat 13,000 a takarda, amma abinda ke hawa layi yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000, mafi yawan da aka taɓa kaiwa a tarihi shine 5,801 da ɗoriya a farkon Maris 2025. Saboda haka in ka ga 5,000 ranar arziki ce, in ka ga an sauko 3,000 da wani abu kwana uku a jere ka fara neman jarkoki.

Kada ka tsaya a jimla kawai, ka leƙa wace tasha ce ta sauka. Wannan shine bambancin mai sani da mai jin labari. Idan tasha ɗaya ce ta tashi daga ɗaruruwa zuwa sifili rana ɗaya, galibi inji ne ya samu matsala ko gyara ake, kwana kaɗan zata dawo. Amma idan ka ga tashoshin gas da yawa suna raguwa tare a hankali a hankali kamar fitilar da mai ya ƙare mata, toh gas ne ya yi ƙaranci, ko bututu aka fasa ko masu gas ɗin sun ja baya saboda bashi, irin abinda ya faru a farkon 2024, kuma wannan baya warkewa a sati ɗaya. Kusan kashi uku cikin huɗu na wutarmu daga gas take, shi yasa mutumin Pantami da bai taɓa ganin Neja Delta ba abinda ya faru da bututu a can shi yake yanke ko fankarsa zata juya.

Lamba ta biyu rabon kamfaninmu. Wutar da aka samar ba duka ake raba wa 'yan kiri ba, wata tana bin waya ta lalace a hanya, wata ana sayar wa Nijar da Benin da Togo, wata manyan masana'antu suna saye kai tsaye. Abinda ya rage a tsohon tsarin rabo Ikeja ke ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, Kano 8, Jos 5.5, Yola 3.5. Yi lissafin da kanka, in an raba megawat 4,000, kashi 5.5 ya zama 220 kacal, jihohi huɗu, tun daga Makurdi har Bajoga. Ranar da na fara buga wannan lissafin a kalkuleta na daina mamakin abubuwa da yawa wlh. Ana fitar da rabon kowane kamfani na kullum, sai ka rubuta namu kusa da jimlar ƙasa, amfanin haka shine in jimlar ƙasa tana nan lafiya amma namu ya faɗi warwas, matsalar a hanya take ba'a gona ba. Haka akayi a Oktoban 2024 lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan wanda ya biyo ta Makurdi shima ya faɗi, kudu suna da wuta, arewa ta kwana sama da sati a duhu. Mu nan kuma a bakin jela muke, layin Jos ɗin nan shi ke ciyar da mu ya wuce Yola da Damaturu, saboda haka duk sanarwar TCN da ta ambaci Jos, Gombe, Makurdi, Kaduna ko Shiroro ka ɗauke ta kamar an kira sunanka.

Lamba ta uku, wadda tafi duka muhimmanci kuma babu mai baka ita sai kai, awannin da wuta ta zauna a layinka. Ka sa yaron shago ya dinga rubuta ƙarfe nawa aka kawo ƙarfe nawa aka ɗauke, in dare ne maigadi ya rubuta, mu har ɗan ihsani muke bashi akan hakan. Ka ƙara da karatun mita safe da yamma. Ka kuma san wane band kake, domin tun 2020 aka raba layuka gida biyar, A alƙawarinta aƙalla awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. Tun da aka ɗaga kuɗin Band A a Afrilun 2024 ita ake fara cikawa kafin a waiwayi saura, ma'ana idan wutar ƙasa ta ragu da kashi goma, ɗan Band A zai iya jin kaɗan, ɗan Band C ko D shi zai sha duka bugun. Don haka kar kayi mamaki in jimlar ƙasa ta ɗan sauka kaɗan amma awanninka suka rabe biyu, bayan wata biyu uku kana rubutawa zaka gane da kanka a wace lamba ta ƙasa ce layinku yake fara kuka. Wannan lambar ita ce sirrin, kowane layi da tasa.

Yanzu maganar buƙata. Anan akwai tarko. Lambar da ake nunawa ta abinda aka sha a layin ƙasa ba ita ce buƙatar mutane ba, abinda aka samu ne aka sha. Kamar ka je rijiya da rani ka ƙirga bokitan da aka ɗiba kace iyakar ƙishin unguwa kenan, alhali rabin mata sun koma gida da bokiti wayam. Ainihin buƙatar tana ɓoye cikin janareto da sola da masu haƙuri da duhu. Saboda haka sai dai ka bi ta da alamu.

Alama ta ɗaya agogo. Nauyi yafi yawa daga magariba zuwa wajen goma na dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna komai, akwai kuma ɗan tudu da safe, mafi sauƙi kuwa daga tsakar dare zuwa asuba. In ka lura lokacin magariba ne wuta take zuwa ba ƙarfi, kwan fitila yayi ja, injin ya dinga gurnani baya ɗauka, wannan ba komai bane illa tiransifoma da layi sun ɗauki abinda ya fi ƙarfinsu. Mu da muka gane haka sai muka maida casa mai nauyi zuwa bayan sha ɗaya na dare, yaran sun yi ta ƙorafi da farko amma dai dizal ɗin da muka rage ya isa a ƙara masu kuɗin dare har a samu canji.

Alama ta biyu yanayi, kuma ku Gombawa ba sai an faɗa maku ba. Maris da Afrilu zafi yana taɓa 40, fanka, firij, esi, famfon burtsatse, komai a kunne, in azumi ya faɗo ciki kamar na 2024 da 2025 ga masu ƙanƙara suma sun buɗe wuta. Abin haushin shine a daidai wannan lokacin ne ruwan madatsai yake ja baya, Shiroro musamman tunda kogin Kaduna ya dogara da damina ne, ga injinan gas suma basa bada cikakken ƙarfinsu idan iska tayi zafi. Buƙata a sama, wadata a ƙasa, shine watannin tsada na gaskiya. Da hunturu kuma, Disamba da Janairu, fanka ta huta, nauyi ya ragu, madatsai a cike bayan damina, Kainji ma tana da wata ni'ima ta daban, ruwan da ya sauka can tsaunukan Gini yana ɗaukar watanni kafin ya ratso Mali da Nijar ya iso ta, sai ya iso mata a lokacin rani. Damina kuwa tana da nata halin, wuta tana iya wadata a sama amma iska da hadari su dinga kada fol da yanke waya a ƙasa, sai kaga lambar ƙasa lafiya lau kai kuma kana zaune a duhu. Shi yasa nake barin fili ɗaya a littafin na rubuta "zafi", "hadari", "hazo", kalma ɗaya ta isa.

Akwai wata dabara da wani mai haɗa sola ya nuna min, kuma tun daga ranar nake jin daɗinta kamar yaro da sabon keke. In kana da inbata ko mitar gwaji da ke nuna Hz, wato saurin bugun wutar, ka kalle ta lokacin da akwai nepa. Wutarmu akan 50 ake son ta tsaya, kuma tunda layin ƙasa a haɗe yake, lambar da ka gani a Tumfure ita ce mutumin Legas yake gani a wannan daƙiƙar. In ta sauka ƙasa da 50 sosai, masu ja sun fi masu samarwa ƙarfi, injina suna nishi, za'a fara sauke wasu layuka don a ceci sauran. In ta haura sama sosai, wuta ce tayi yawa babu masu ɗauka, yawanci lokacin ruwan sama da layuka suka faffaɗi. Iyakar da ake so daga 49.75 ne zuwa 50.25. In ka ga tana lilo nesa da nan kuma tana tsalle, ka kashe injin mai tsada kafin ya kashe kansa, don irin wannan lilon ne yake gaba da faɗuwar babban layi gaba ɗaya.

Toh sai farashin takarda, shima yana motsi ai, sai dai a hankali kuma da dalilai da ake iya hangowa. NERC tana da tsarin da take yanke kuɗin wuta da shi, MYTO, kuma abubuwan da ake zubawa a ciki sanannu ne: canjin dala, hauhawar farashin kaya, kuɗin gas, da yawan wutar da ake sa ran samu. Gas da dala ake masa kuɗi duk da a ƙasarmu ake haƙo shi, a Afrilun 2024 an ɗaga na tashoshin wuta daga dala 2.18 zuwa 2.42 kan kowane ma'auni, a 2025 aka sauko da shi 2.13. Ka haɗa wannan da sakin naira da akayi a Yunin 2023, zaka gane cewa abinda ya faru ranar 3 ga Afrilu 2024, da Band A ta tashi daga wajen naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, ba daga sama ya faɗo ba, watanni tara yana tahowa duk mai kallon dala ya ganshi. Bayan nan da naira ta ɗan farfaɗo aka sauke zuwa 206.80 a Mayu, aka maida 209.50 a Yuli. Kaga kenan dala ce ke gaba kuɗin wuta na bin ta a baya. Don haka sau ɗaya a sati, ni ranar Juma'a nake yi bayan an sauko masallaci, ka rubuta canjin dala da kuɗin litar dizal a gidan man da kake saye. Sau ɗaya a wata kuma ka duba takardar umarnin da NERC take fitar wa kamfanin yankinmu.

A cikin takardar nan akwai lambobi biyu da nake so ka nema, farashin da ya kamata a biya in za'a maida kuɗin da aka kashe, da farashin da aka yarda a karɓa a hannunka. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce tallafin da gwamnati tace zata cike. In ka ga tazarar tana faɗi wata bayan wata, abu biyu ne ɗaya zai faru, ko a ƙara kuɗi, ko bashi ya taru a ƙi biyan tashoshi su kuma su kasa biyan masu gas wuta ta ragu. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun fito sun ce bashin da suke bi ya kai wajen naira tiriliyan 4. Ni a ganina wannan tazarar ita ce mafi gaskiyar alama a duk kasuwar, tafi duk wani jawabin minista, don jawabi ana iya gyara shi amma mai gas in ba'a biya shi ba rufe famfo yake. Rahoton NERC na duk wata uku shima yana da amfani, yana nuna nawa kowane kamfani ya karɓi wuta, nawa ya iya tarawa, nawa ya mayar sama, sai dai yakan fito a makare, don haka na karatun tarihi ne ba na yanke shawarar gobe ba. Yana da tsawo kuma turancinsa ya bushe, ka tsallake zuwa jadawalan kawai.

Duk wannan tarin lambobi a ƙarshen wata abu ɗaya zaka matse daga cikinsu: nawa yunit ɗaya ya tsaya maka a gaske. Ga yadda ake yi, da lambobin misali, kai sai ka sa naka. Janareton dizal mai lafiya da aka ɗora wa kaya daidai yana bada wajen yunit 3 a lita, in mun ɗauka lita naira 1,200 ce, yunit ya zama 400, ban ma sa kuɗin baƙin mai da filta da makanike ba. Nepa kuma mu ɗauka 209.50 da harajin kashi 7.5 ya zama wajen 225. A ce aikinka yana cin yunit 300 a rana. Ranar da nepa ta baka 200 janareto ya cike 100, ka kashe 45,000 da 40,000, wato 85,000, yunit ya tsaya 283. Ranar da nepa ta baka 60 kawai, 13,500 da 96,000, ya zama 109,500, yunit ya koma 365. Babu wanda ya ƙara kuɗin wuta, babu sanarwa a rediyo, amma kai an ƙara maka naira 82 a kowane yunit. Ka raba wannan da yawan buhunan da ka casa ko ƙanƙarar da ka fitar, shine kuɗin wutar da ke cikin kowane buhu, kuma da shi zaka yanke wa kwastoma farashi ba da abinda ke jikin rasit ɗin mita ba.

Kuskuren da nayi a farko shine firgita da lambar rana ɗaya. Yau an faɗi sai na ruga na cika durom, jibi wuta ta dawo kuɗi ya kwanta a dizal. Maganinsa ka dinga haɗa kwana bakwai na baya ka raba bakwai, kullum ka jefar da mafi tsufa ka saka sabo, wannan layin shi yake nuna inda aka dosa. In matsakaicin nan ya sauka sati biyu a jere, magana ce. Ranar da babban layi ya faɗi gaba ɗaya kuma ka zagaye ta da jan biro ka cire ta daga lissafi, in ba haka ba zata ɓata maka matsakaicin sati guda a banza. Sannan kar ka gwada Afrilu da Janairu kace abubuwa sun lalace, ai dole, Afrilu da Afrilun bara ake gwadawa. Shekarar farko littafin kusan tara kaya kawai kake, a ta biyu yake fara magana.

Wani abu da zaka sa wa ido nan gaba, kasuwar kanta tana sauya fasali. Dokar wuta ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin su kula da kasuwar cikin gida, Inugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓa a 2024, kuma a shekarar ne NERC ta umarci NBET ya daina shiga sabon kwantiragi, kamfanonin rarrabawa su dinga ƙulla ciniki kai tsaye da tashoshi. In hakan ya zauna, tsohon rabon kashi-kashi zai rage ƙarfi, kamfanin da yake iya biya shi zai fi samun kaya, kamar dai yadda dillali yake fara sauke wa mai tsabar kuɗi kafin mai bashi. Ga masu babban aiki kuma tun 2017 akwai ƙa'idar da ta yarda babban mai amfani da wuta ya saya kai tsaye daga tasha, ni nakan ce da masu injinan Nasarawo zasu haɗa kai su zauna da littattafansu a hannu, da ga Dadin Kowa nan a bayan gida, akwai maganar da za'a iya buɗewa, amma babu mai saurarenka in baka san ko yunit nawa kuke ci a wata ba.

Yadda muke amfani da shi yanzu a wajen Kawu ba wani abu mai wuya bane. Aikin da za'a kawo daga Nuwamba zuwa Janairu muna yanke masa kuɗi ɗaya. Wanda zai faɗa Maris zuwa Mayu muna faɗa wa mai kaya tun farko farashi biyu ne, na nepa da na janareto, ya zaɓa ko ya jira dare. Dizal muna fara tarawa kaɗan kaɗan tun Fabrairu in matsakaicin sati ya fara gangarowa, gyaran janareto da canza filta kuma a Janairu ake yi lokacin da yake hutawa, ba ranar da aka ɗauke wuta makanike yana ja maka aji ba. Shi Kawu har yau baya karanta jadawalin, in ya shigo da safe ya ajiye butarsa tambaya ɗaya yake min, "yau nawa suka samar?", in nace dubu huɗu da ɗari takwas sai yace a jiƙa shinkafa, in nace dubu uku da ɗari biyar sai ya aiki yaro gidan mai da jarka biyu.